Ganau da Jiyau: Nazari a kan Aleksei Bogolyubov, Hafsan Sojan Ruwan Rasha da Ya Koma Mai Zane

A shekarar 1849 wani jirgin yaƙin Rasha mai aiki da tururi, Kamchatka, ya baro tekun Baltik ya nufi tsibirin Madeira da ke cikin tekun Atlantika, yamma da gaɓar Maroko. Ba yaƙi ya fito yi ba, majinyaci ya ɗauko. Maximilian na Leuchtenberg, mijin 'yar Sarki Nicholas na Ɗaya, shi ne ba shi da lafiya, aka ce ya nemi ƙasa mai ɗumi ya huta. Cikin hafsoshin jirgin akwai wani saurayi ɗan shekara 25, Aleksei Petrovich Bogolyubov, wanda hannunsa ba ya rabo da fensir. Da ya sauka daga aiki sai ya samu gefe ya buɗe littafinsa, ya zana jirgin da ya gifta ko tsaunin da ya ɓullo daga nesa. Shi kuma majinyacin, ban da surukutar gidan sarauta, shi ne shugaban Makarantar Zane ta Sarki da ke St. Petersburg. Ya duba littafin saurayin, ya ba shi shawara ya je ya koyi sana'ar a wurin masu ita. Da suka isa Madeira suka tarar da Karl Bryullov, mai zanen da ya fi kowa suna a Rasha a zamanin, shi ma jinya ce ta kai shi. Ya ga aikin, ya ƙarfafa wa yaron gwiwa.

Bayan shekara huɗu Bogolyubov ya tuɓe kaki, ya yi sauran shekara 43 na rayuwarsa yana zanen ruwa da jirage. Abin da ya ja ni ga lamarinsa shi ne wani tsaka-mai-wuya da ya zauna a ciki tun daga ranar da ya bar jirgi har ya koma ga Mahaliccinsa. Aikin ruwa ya horar da shi ya zama ganau, mutumin da ba ya sa alƙalami a takarda sai a kan abin da idonsa ya tabbatar. Amma aikin da gwamnati ta ɗauke shi ya yi, wato zana yaƙe-yaƙen rundunar ruwan Rasha, aikin jiyau ne: yaƙi ne da aka yi ba ya nan, wani ma tun ba a haifi kakansa ba.

An haife shi a 1824 a wani ƙauye mai suna Pomeranye a lardin Novgorod. Mahaifinsa kanar ne na soja, ya rasu ya bar shi ƙarami tare da wansa Nikolai. Ta wajen uwa ne labarin yake da nauyi, domin mahaifiyarsa 'yar Aleksandr Radishchev ce, marubucin da a 1790 ya buga littafin tafiya daga Petersburg zuwa Mosko, inda ya fallasa irin bautar da manoman Rasha ke ciki a hannun masu ƙasa. Sarauniya Catherine ta karanta, ta ce wannan ɗan tawaye ne da ya fi Pugachev, jagoran babban boren manoma na zamaninta, muni. Aka yanke masa hukuncin kisa, sannan aka sassauta zuwa shekara goma a Siberiya. Ya dawo, ya mutu a 1802, littafin kuma ya ci gaba da zama haramtacce. A riƙe wannan suna, zai dawo a ƙarshen labarin.

Marayun 'ya'yan hafsoshi gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunsu, don haka aka sa 'yan'uwan biyu a makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta St. Petersburg. Shugabanta a lokacin shi ne Krusenstern, wanda ya jagoranci tafiyar farko da jiragen Rasha suka kewaye duniya tsakanin 1803 da 1806. Aleksei ya gama a 1841 ya shiga rundunar Baltik.

A nan ya kamata a fahimci abin da zane yake nufi a wurin hafsan jirgi na wancan zamani, don ba abin nishaɗi ba ne. Ba a daɗe da ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto ba, kuma ta lokacin ba ta aiki a kan abin da ke tangaɗi. Taswira tana nuna wa matuƙi ƙasa kamar yadda shaho ke ganinta daga sama, shi kuwa daga gefe yake hango ta, wani siririn layi baƙi-baƙi tsakanin ruwa da sama. To yaya zai gane cewa wannan tudun shi ne bakin mashigar da yake nema, ba wani mai kama da shi ba? Sai da zanen gaɓa: hafsa ya tsaya a kan jirgi, ya auna kusurwa, ya zana tsauni da hasumiyar fitila da coci da tsibiri kowanne a mazauninsa, ya rubuta daga wace fuska aka hango su da kuma nisan. Idan ya ƙara wa tsauni tsawo don ya yi kyau, ko ya matsar da hasumiya don takarda ta cika, wata rana wani jirgi zai hau dutse da mutane a ciki. Wanda ya tashi da irin wannan horo, ƙarya a zane tana yi masa nauyi a hannu. Ga kuma sanin jirgin kansa: igiyoyi ɗaruruwa kowacce da sunanta da aikinta, filafilai da yadda ake naɗe su in iska ta tsananta, yadda jirgi ke kwantawa gefe in ya juya. Shekara goma sha biyu Bogolyubov ya yi yana kwana yana tashi cikin waɗannan abubuwa.

Da ya dawo daga Madeira aka ba shi izinin halartar Makarantar Zane yana nan cikin kaki. Malaminsa na zanen fili da ƙasa shi ne Maksim Vorobyov, amma wanda kowane mai son zanen teku a Rasha yake kallo a lokacin Ivan Aivazovsky ne, ɗan garin Feodosiya na yankin Kirimiya, wanda tun 1844 yake riƙe da muƙamin mai zanen Hedikwatar Sojan Ruwa. Aivazovsky ba sojan ruwa ba ne, kuma yana da ra'ayi sananne: cewa walƙiya da guguwa da tashin igiyar ruwa ba su tsayawa a zana su, sai dai mai zane ya kalla ya adana a ka, ya koma ɗaki ya fitar. Haka yake aiki, da sauri kuwa, har aka ƙiyasta ya bar zane wajen 6,000. Ruwansa yana sheƙi kamar an kunna fitila a ƙarƙashinsa, masu saye kuma suna rububi. Bogolyubov ya fara da bin sawunsa, kamar kowa. A 1853 ya ci babbar lambar zinariya ta makarantar, wadda ke ba ɗalibi damar fita ƙasashen waje da kuɗin gwamnati. A shekarar ya ajiye aikin soja, aka naɗa shi shi ma mai zanen Hedikwatar Sojan Ruwa.

A Turai aka sauke masa girman kai. Ya fita a 1854, bai dawo ba sai 1860. A birnin Rum ya haɗu da Aleksandr Ivanov, wani ɗan ƙasarsu da ya shafe kusan shekara ashirin a kan zane guda ɗaya, mutumin da zai zana dutse ɗaya ko reshe ɗaya sau da yawa kafin ya yarda ya sa shi a babban aikinsa. Ivanov ya nuna masa cewa hannunsa bai nuna ba, ya koma ya gyara zanen fensir, ya riƙa fita yana aiki a gaban abin da yake zanawa. Daga nan ya zauna a ƙarƙashin Eugène Isabey a Paris da Andreas Achenbach a Düsseldorf ta Jamus, dukansu gwanayen zanen teku. A Faransa ya saba da masu zanen da ake kira 'yan Barbizon, ya yi abota da Corot da Daubigny, mutanen da suka ɗauki fenti da buroshi suka fita daji da bakin kogi maimakon zama a ɗaki. Abin dariyar, shawarar da waɗannan manya suka ba shi ita ce dai dokar da aka koya masa a jirgi yana ɗan shekara goma sha: duba, auna, sannan ka zana. Shekarun da ya yi yana kwaikwayon Aivazovsky su ne suka ɗan kauce da shi.

Yana can Turai yaƙin Kirimiya ya kankama, kuma a kansa aka ba shi babban aikinsa na farko. Sarki Nicholas ya ba da umarni a zana faɗace-faɗacen da jiragen Rasha suka yi a Bahar Aswad, babba daga ciki shi ne na Sinop.

Sinop gari ne a gaɓar arewacin Turkiyya. A ƙarshen Nuwamban 1853 wani ayarin jiragen Daular Usmaniyya (ta Santambul nake nufi, ba ta Sakkwato ba) ya fake a mashigarsa ƙarƙashin Osman Pasha: matsakaitan jiragen yaƙi bakwai, ƙanana uku, da masu tururi biyu. Ranar 30 ga wata, wadda a tsohuwar kalandar Rasha take 18, Admiral Pavel Nakhimov ya shigo da manyan jirage shida. Bambancin ba a girma kaɗai ya tsaya ba. Rashawa suna da igwa mai harba harsashi mai fashewa, wanda in ya shige jikin katako sai ya tashi da wuta, saɓanin dunƙulen ƙarfe da aka saba da shi, mai huda rami ya wuce. Cikin 'yan sa'o'i aka ƙone ko aka nutsar da ayarin gaba ɗaya, in ban da jirgi mai tururi guda, Taif, da ya tsere ya kai labari Santambul. Turkawa sun rasa mutum kusan 3,000, Rashawa 37. Osman Pasha aka kama shi da rauni, wani sashe na garin ya ƙone. Shi ne babban yaƙi na ƙarshe da aka gwabza tsakanin jirage masu filafilai.

Bogolyubov bai ga ko hayaƙin wannan rana ba. Abin da ya iya yi, ya yi: da yaƙi ya lafa a 1856 ya tafi Santambul, ya wuce har Sinop, ya zauna ya zana mashigar da tsaunukan da ke kewaye da ita, kamar dai zanen gaɓa da ya saba. Fasalin jiragen kuwa a kansa yake. Ya kammala zanen a 1860: jirage a jere kowanne a inda rahoto ya ce ya tsaya, hayaƙi ya turnuƙe, gari da tuddansa a baya. Tsohon matuƙi zai iya tsayawa gabansa ya bi igiyoyi ɗaya bayan ɗaya bai samu abin gyara ba.

Sai dai a duba abin da ya faru tsakanin ranar yaƙin da ranar da fenti ya bushe. Sinop ce ta harzuƙa Ingila da Faransa suka shiga yaƙin a 1854. Rashawa da hannunsu suka nutsar da jiragensu a bakin mashigar Sevastopol, garin da rundunar ruwansu take a Kirimiya, don toshe wa abokan gaba hanya. An kashe Nakhimov a 1855 yana kare garin, Sarki Nicholas da ya ba da aikin shi ma ya mutu a shekarar, garin ya faɗi, yarjejeniyar Paris ta 1856 kuma ta haramta wa Rasha ajiye rundunar yaƙi a Bahar Aswad. Ke nan ranar da aka rataye zanen, jiragen da ke cikinsa suna ƙarƙashin ruwa. Zanen bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, ba kuma a biya shi ya faɗa ba. Daga nisan da mai zanen yaƙin teku yake tsayawa don jirage duka su shiga ƙyalle ɗaya, ɗan Adam ɗigo ne, mutum 3,000 ba su da inda za su fito. Ba na cewa ya yi ƙarya. Kowace igiya gaskiya ce. Amma wanda ya zaɓi ranar da za a zana, da gefen da za a tsaya, shi ya riga ya yanke abin da jikoki za su tuna, kuma ba mai zanen ne ya zaɓa ba.

Da ya koma gida aka ba shi muƙamin farfesa a 1861. Shekarun da suka biyo baya, a ganina, su ne lokacin da sana'o'insa biyu suka fi zama lafiya da juna. Shi da wansa Nikolai, wanda shi ma tsohon hafsan ruwa ne, suka bi kogin Volga, kogi mafi tsawo a Turai (kilomita 3,500 da 'yan kai, bai dai kai Kwara ba). A 1862 wani kamfanin jiragen fasinja ya buga littafin jagora da suka haɗa, daga Tver zuwa Astrakhan: wa ya yi rubutu, ƙane ya yi zane. Sannan sashen gwamnati mai kula da taswirar ruwa ya ba shi aikin zana gaɓar tekun Kasfiyan da ta mashigin Finland don amfanin matuƙa. Farfesa guda, mai lambar zinariya, ya koma cikin ƙaramin jirgi yana zana duwatsu da tsibirai marasa suna. Gaɓar Finland kuwa tsibirai ne dubbai na dutse, masu kama da juna kamar an yi su a injin, hanyar jirgi tana lanƙwasa a tsakaninsu. Wannan aiki ba a rataye shi a fada, ba a tafa masa a wurin baje koli. Amma shi ne zanen da in ya yi kuskure a ciki za a sani, domin teku ce ke duba masa aiki.

A gefe guda fada tana ƙara jawo shi jiki. Ya raka Yarima Nicholas mai jiran gado zagayen ƙasa a 1863, bayan rasuwarsa ya raka ƙanensa Alexander, wanda zai zama Sarki Alexander na Uku, ya kuma koya wa matarsa Maria Fyodorovna zane. Aka ba shi aikin zana yaƙe-yaƙen ruwa na zamanin Sarki Peter Babba, irin su Gangut na 1714 da Grengam na 1720, inda Rasha ta doke Suwidin. Nan kam ko mai ba da labari da baki babu, sai tsofaffin takardu da zanen magabata. Ya yi su da irin kulawar da ya saba, ya je wuraren, ya binciki fasalin jiragen. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Duk da haka mutumin bai zama bafade zalla ba. A 1870 wasu masu zane da suka gaji da mulkin Makarantar Sarki suka kafa ƙungiyar da ke yawo da zane-zane gari-gari don mutanen lardi su gani, ana kiran su Peredvizhniki, wato masu yawo. Bogolyubov, farfesan makarantar kuma malamin gidan sarauta, ya shiga cikinsu, har ya zama ɗan kwamitin gudanarwa, a 1873 kuma ya janye daga harkokin makarantar. A shekarar ce ciwon zuciya ya sa ya koma Paris da zama, yana zuwa gida jefi-jefi. Gidansa ya zama zauren 'yan Rasha: marubuci Turgenev, masu zane Repin da Polenov, mai sassaƙa Antokolsky. A 1877 suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta masu zanen Rasha da ke Paris, don ɗalibin da kuɗinsa ya yanke ya samu inda zai dafa.

Wanda yake son ganin Bogolyubov ba tare da kowa a kansa ba, ya nemi ƙananan zanensa na gaɓar Normandi, a arewacin Faransa. A damina ta 1874 ya ja Repin da Polenov zuwa Veules, wani ƙauyen masunta da ke tsakanin dogayen gaɓoɓin farin alli, inda wani ɗan rafi da bai fi kilomita ɗaya da 'yan taku ba yake ratsa gari ya faɗa teku. Zane ne 'yan ƙanana, wasu ba su fi faranti ba, an yi su a zama ɗaya a waje. Sama toka-toka, ruwa ya janye ya bar tsakuwa a jiƙe, kwale-kwale a kife, wata mata da kwando. Ba tuta, ba igwa, ba admiral. Buroshi yana tafiya sake, launi kaɗan ne amma kowanne ya zauna daidai. Nan ne idon matuƙi ya yi masa amfanin da ya wuce ƙirga igiya, domin wanda ya yi shekaru yana duban sama don ya san abin da iska za ta yi nan da awa biyu, ya san bambancin toka da toka. Masana zanen Rasha da yawa a yau waɗannan suke fifitawa a kan manyan zanen yaƙin da suka ba shi suna da abinci, ni ma ra'ayina ke nan.

Yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Rasha da Turkiyya a 1877, aka sake nemansa. Duniyar jirage ta riga ta sauya. Filafilai sun ba tururi wuri, katako ya ba ƙarfe. Turkawa suna da jirage masu sulke, Rasha kuwa ba ta gama farfaɗo da rundunarta ta Bahar Aswad ba, sai ta koma dabara. Akan samu ɗan kwale-kwale mai inji, a ɗaura doguwar sanda a goshinsa, a bakin sandar a ɗaure nakiya, a ja waya zuwa cikin kwale-kwalen. Sai a lallaɓa, galibi da dare, har a dangana nakiyar da cikin jirgin abokan gaba, sannan a haɗa waya. Tsawon sandar nan shi ne duk tazarar da ke tsakanin mai kai hari da abin da zai fashe. Da haka Dubasov da Shestakov suka nutsar da jirgin sulke Seyfi a wani reshen kogin Danube a watan Mayu.

A watan Yuni wani kwale-kwale mai suna Shutka, ma'anarsa "wasa" da Rashanci, ya kai irin wannan hari da rana tsaka ƙarƙashin Laftana Skrydlov. Sun isa jikin jirgin Turkawa ana yi musu ruwan harsashi, suka dangana nakiya, aka haɗa waya, shiru. Harsashi ya tsinke wayar. Da ƙyar suka janye, Skrydlov da rauni. A cikin kwale-kwalen akwai wani ɗan sa-kai da shi ma harsashi ya same shi a cinya, har ya yi doguwar jinya a Bukares: Vasily Vereshchagin, mai zane, wanda ya fito daga makarantar sojan ruwa ɗaya da Bogolyubov, shi ma ya ajiye kaki don fenti. Hanyarsu ta rabu tun da wuri. Vereshchagin ya ɗauka cewa ba a zana yaƙi sai an shiga cikinsa, ya zana gawarwaki da raunuka har manyan soja suka tsane shi, daga ƙarshe ya nutse tare da Admiral Makarov a jirgin Petropavlovsk a 1904, a yaƙin Rasha da Jafan. Harin Shutka yana cikin abubuwan da Bogolyubov ya zana. Ganau yana kwance a asibiti, jiyau ne ya yi hoton.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne batun Vesta. Jirgin kasuwa ne aka ɗora masa igwa, ƙarƙashin Nikolai Baranov. A watan Yulin 1877 ya ci karo da jirgin sulken Turkiyya Feth-i Bülend kusa da gaɓar Romaniya ta yau, aka yi wajen awa biyar ana harbe-harbe, an kashe mutane a Vesta, ta dai samu ta kai gida. Rahoton Baranov ya nuna cewa ƙaramin jirgi ya yi wa ƙato illa har ya juya da baya. Ƙasa ta ɗauka, jaridu suka yayata, aka raba lambobin yabo, masu zane suka kama aiki. Aivazovsky ya zana, Bogolyubov ma ya zana nasa a 1878. A wannan shekarar ɗaya daga cikin hafsoshin da suke cikin Vesta, Zinovy Rozhestvensky, wanda shi ma an ba shi lamba a kan wannan faɗa, ya rubuta a jarida cewa abin da ya faru gudu ne: Vesta ta yi ta tserewa, jirgin sulke yana bin ta, har ya gaji ya koma. Rigima ta kai kotu, ta ƙare da fitar Baranov daga rundunar ruwa, ko da yake bai faɗi ƙasa ba, don daga baya ya yi gwamnan Nizhny Novgorod shekaru da yawa. Rozhestvensky kuwa shi ne admiral ɗin da Jafanawa suka ragargaza rundunarsa a Tsushima a 1905.

Me sanin igiya da tukunyar tururi zai yi wa mai zane a nan? Zai iya fitar da Vesta daidai har ƙusa, ya fitar da Feth-i Bülend daidai, ya sa hayaƙi ya bi inda iska ta nufa. Wane ne ke bin wani, wannan a rahoto yake, rahoton kuma na wanda ke neman lamba ne. Har ma ina ganin ƙwarewarsa ta ƙara wa matsalar nauyi. Zanen da aka san na ƙawa ne, mai kallo yakan rage masa wani abu a ransa. Wanda kowane ƙaramin abu a cikinsa ya zauna daidai, kuma aka san tsohon hafsa ne ya yi shi, shi ake ɗauka hujja.

Kusancinsa da fada ya biya shi ta wata hanya da ba a zata ba. Ya daɗe yana tara zane-zane, nasa da na abokansa na Rasha da Faransa, da kayan tangaran da sauran kayan fasaha. A 1877 ya yi wa birnin Saratov da ke bakin Volga tayin ba shi wannan dukiya kyauta, bisa sharaɗin a gina mata gida, a buɗe wa kowa, a kuma sa wa gidan sunan kakansa, domin gidan gadon Radishchev a lardin Saratov yake. Abin ya ja lokaci. Sannan a 1881 aka kashe Sarki Alexander na Biyu da bam, ɗansa ya hau gado ya ƙara matse ƙasa, zamanin da ko ambaton ɗan tawaye ba a so. Amma sabon sarkin shi ne yariman da Bogolyubov ya yi ta rakawa a kan Volga, mijin ɗalibarsa. Ya amince. A watan Yunin 1885 aka buɗe Gidan Zane na Radishchev, na farko a lardunan Rasha da talaka zai shiga ya kalla. Attajiri Tretyakov, shahararren mai tara zane, bai miƙa wa birnin Mosko tarinsa ba sai 1892, gidan zanen Rasha na St. Petersburg kuma sai 1898. Sunan Radishchev yana rubuce a ginin gwamnati shekara ashirin kafin a bar mutane su sayi littafinsa a fili, don wannan sai 1905. Bayan rasuwar Turgenev, wasu kayan ɗakin rubutunsa ma nan Bogolyubov ya kawo su.

Ya rasu a Paris a 1896, aka kai gawarsa St. Petersburg. Dukiyar da ya bari, wajen rubul 200,000, ya yi wasiyya da ita ga gidan zanen da kuma makarantar koyon zane da ya daɗe yana son a haɗa da shi. An buɗe makarantar a 1897, bayan mutuwarsa, kuma har yau kwalejin zane ta Saratov sunansa take amsawa. Manyan zanen yaƙin, Sinop da sauransu, da yawa suna gidan tarihin sojan ruwa na St. Petersburg. Ƙananan na Normandi kuwa, masu sama toka-toka da kwale-kwale a kife, kaso mai yawa yana Saratov, garin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku mafi kusa.